Me Muke Nufi Idan Muka Ce Abu Yana Zagayawa?

A farkon watan Fabrairun 2023, lokacin da wahalar canjin takardun naira ta kai intaha, na tsaya wajen wata dattijuwa mai ƙosai a bakin layinmu. Shekara da shekaru nake ganin ta a wannan wurin, kuma kafin yara su taso daga makarantar allo ta safe ƙullunta ya ƙare. Ran nan hantsi ya ɗaga sosai, ƙosai na jibge a roba ya huce, ta ma janye itacen daga murhu don kada ya ci a banza. Na ce, "Inna, yau lafiya kuwa?" Ta ce, "Ɗan nan, ga mutane, ga yunwa, ga ƙosai. Kuɗin ne suka daina zagayawa."

Ba ta ce kuɗi sun ƙare ba, kuma da ta faɗi haka da ba ta faɗi daidai ba. Albashin ma'aikaci na nan a asusunsa, cinikin ɗan kasuwa na nan a banki, kowa na ganin lambobinsa a waya. Abin da ya tsaya shi ne tafiyar kuɗin daga wannan hannu zuwa wancan. Tun daga ranar nake juya wannan kalma a raina, domin muna faɗin ta a kan jini, da kuɗi, da shekara, da labari, alhali ba abu ɗaya muke nufi ba.

Zagaya da kewaya 'yan uwan juna ne, kusan duk inda ɗaya ta shiga ɗayar ma za ta iya shiga. Ma'anarsu ta asali ita ce ka tashi daga wuri, ka bi da'ira, ka dawo inda ka faro. Mai ɗawafi yana farawa daga saitin Hajarul Aswad, Ka'aba tana hagunsa, ba a kuma ƙirga masa zagaye ɗaya sai ya dawo wannan saitin, haka har sau bakwai. Daga nan ne muka samo "shekara ta zagayo", da "layi ya zagayo kaina", da zagaye na biyu na zaɓe irin wanda aka yi a Nijar a 2021 da babu ɗan takarar da ya haura rabin ƙuri'u. Sai kalmar ta yi reshe zuwa kaucewa. Mai tafiya yana zagaye kududdufi. Idan aka ce an zagaye mutum a wata magana, to an tsallake shi ne an je wajen na sama da shi, kuma abin yana da ciwo. Mai zagaye-zagaye a zance yana gudun inda maganar take. Kunyar Bahaushe ma ta ari kalmar: babu wanda zai tashi a gaban surukinsa ya ambaci inda za shi, sai dai ya ce "bari in ɗan zagaya", wurin kuwa makewayi. Reshe na uku shi ne na tsarewa, kamar yadda danga ke kewaye gida, badala ta kewaye birni, har mai shela ya ce yana gayyatar jama'ar Kano da kewaye.

To amma akwai wasu kalmomi da suke zaune kusa da waɗannan, har masu karanta labarai a rediyo suna musanya su ba tare da an lura ba. Akwai yawo, wanda ba shi da tsayayyar hanya, ba kuma alkawarin dawowa. Akwai yaɗuwa da bazuwa, inda abin yake ƙaruwa ne yana tafiya, kamar wutar daji ko yaɗon kabewa. A ganina tambaya biyu ce take raba su. Shin abin yana dawowa inda ya fito? Sannan idan ya bar hannunka, ka rabu da shi ke nan, ko kuwa ka bayar kuma yana nan a wurinka?

Jini shi ne misali mafi tsabta na zagayawa ta gaskiya, kuma abin mamaki shi ne yadda aka daɗe ba a gane haka ba. Fiye da shekara dubu likitoci suna bin koyarwar Jalinusu, likitan nan na zamanin Rumawa da ya rayu a ƙarni na 2. A fahimtarsa, hanta ce ke sarrafa abinci ya zama jini, jinin ya bazu cikin gaɓoɓi, su shanye shi, a sake yin wani. Wato a wurinsa jini fita yake yi ba ya komowa, kamar ruwan da aka saki a fadama. Ya kuma ɗauka akwai wasu ƙananan ƙofofi a bangon da ya raba zuciya gida biyu, ta nan jini ke tsallakawa daga dama zuwa hagu.

Wanda ya fara cewa a'a shi ne Ibnun Nafis, likita ɗan ƙasar Sham da ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288. A sharhin da ya yi wa sashen gaɓoɓin jiki na littafin Ibnu Sina, ya ce bangon nan ba shi da ƙofa, bayyananna ko ɓoyayya. Jini yana tashi ne daga ɓangaren dama na zuciya ya tafi huhu, ya gauraya da iska, sannan ya komo ɓangaren hagu. Abin da ke taɓa ni a labarinsa shi ne wannan ilimi nasa bai samu tafiya yadda ya kamata ba. Sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da rubutun a wani ɗakin karatu a Berlin, duniya ta sake jin sunansa.

Cikakken zagayen kuwa William Harvey na Ingila ne ya bayyana shi a 1628, kuma hujjarsa lissafi ce da ɗan firamare zai iya bi. Ya ƙiyasta jinin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya, ya ninka da yawan bugun da take yi a rabin sa'a, sai ya ga adadin ya wuce duk jinin da ke jikin mutum. Babu hantar da za ta iya haɗa wannan, babu abincin da zai isa. Ke nan jini ɗaya ne yake fita yana dawowa. Da alƙaluman yau abin ya fi fitowa fili: baligi yana ɗauke da jini kimanin lita 5, zuciyarsa kuma tana tura kimanin lita 5 a minti ɗaya yana zaune bai yi komai ba. A yini da kwana ta tura lita 7,000 da ɗoriya, wato jarka mai lita 25 sama da 280, duk da wannan lita biyar ɗin. Harvey bai ga inda jijiyoyin fita suke haɗuwa da na dawowa ba, don sun fi gashi siranta. Marcello Malpighi na Italiya ne ya gan su a huhun kwaɗo a 1661 da gilashin ƙara girman abu.

Duk gidan da ke da mai ciwon sikila ya san wannan darasi ba daga littafi ba. Jajayen ƙwayoyin jininsa suna lanƙwashewa kamar lauje, su maƙale a waɗannan siraran hanyoyi, abin da ke gaba ya rasa iska. Shi ne ciwon ƙashin da ke hana yaro barci, uwa ta kwana tana matsa masa ƙafa, musamman da hunturu. Shi ya sa ake ta nanata a ba shi ruwa da yawa, a rufe shi daga sanyi. Mafi yawan shanyewar ɓarin jiki ma haka take faruwa, gudan jini ne ke toshe hanyar da ke kai wa wani sashe na ƙwaƙwalwa. Jinin na nan a jiki, hanya ce ta rufe.

Yanzu mu koma wajen Inna mai ƙosai. Ɗauki takardar naira dubu guda. Malamin makaranta ya ba ta ya sayi ƙosai. Da azahar ta kai wa mai wake. Mai wake ya biya ɗan dako, ɗan dako ya ci abinci da ita, mai abinci ta biya mai niƙa, mai niƙa ya ba mai gyaran inji, shi kuma ya kai kuɗin makarantar ɗansa. Idan takardar nan ta sauya hannu sau goma a mako, ta yi aikin dubu goma. Idan aka dunƙule ta aka tura ƙarƙashin katifa, ko aikin sisi ba ta yi ba, kodayake har yanzu sunanta dubu. Masana tattalin arziki suna auna wannan, suna kiran sa saurin juyawar kuɗi. 'Yan kasuwarmu sun riga su sani. Ɗan tireda ba ya alfahari da girman jarinsa kamar yadda yake alfahari da sau nawa ya juya shi, kuma babu kalmar da ya ƙi ji kamar kwantai.

A ranar 26 ga Oktoban 2022 Gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Babbar hujjarsa ita ce, daga cikin naira tiriliyan 3.23 da bankin ya fitar suke hannun jama'a a ƙarshen Satumban shekarar, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Aka ce ana so a dawo da su, a karya masu ɓoye kuɗi, da masu buga jabu, da masu karɓar kuɗin fansa. Ga kuma zaɓen 25 ga Fabrairu yana matsowa, ana maganar sayen ƙuri'a. Sababbin takardun suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa wa tsofaffin wa'adin 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu.

Ba na musun cewa akwai masu ɓoye kuɗi a buhuna, kuma duk wanda aka taɓa sace masa ɗan uwa ba zai raina maganar kuɗin fansa ba. Amma a nan ne ma'anar kalma ta zama maganar abinci. A harshen Babban Banki, kuɗin da ke zagayawa su ne duk takardun da ya buga ya fitar bai karɓe ba, ko suna motsi ko suna kwance. Lissafin ba ya bambanta dubun da ke cikin buhun ɓarawo da dubun da ke ɗaure a bakin zanin mai ƙosai. Duka biyun "suna wajen banki". Alhali a garuruwa da yawa na Arewa, wajen bankin nan ne kuɗi ke aikinsu. Akwai ƙananan hukumomin da ko reshen banki ɗaya babu. Mai kai awaki kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ko Dambatta da Mai'adua ranar Lahadi, da tsaba yake saye da sayarwa, ya kwance a wannan kasuwa ya ɗaura a ta gaba, mako ya zagayo ya sake. Kuɗinsa ba su taɓa kwana a banki ba, kuma ba su taɓa kwana a banza ba.

Aka karɓe tsofaffin takardu, sababbin ba su fito da yawan da zai maye gurbinsu ba. Zuwa watan Fabrairu kuɗin da ke hannun jama'a sun sauko zuwa kusan tiriliyan ɗaya. Kowa ya tuna abin da ya biyo baya. Layi tun asuba a bakin na'urar cire kuɗi. Naira ta koma haja, ana sayen ta da naira: ni kaina na bar dubu biyu a wajen wani mai POS don in karɓi dubu goma a hannu. Kaya suka koma farashi biyu, na tsaba da na taransifa, manomin da ba shi da asusu ya karyar da hatsinsa don kawai ya ga takarda. Taransifar ma ta riƙa maƙalewa, an cire a nan ba ta isa can ba, mai shago da mai saye suna tsaye suna kallon waya. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har 31 ga Disamban 2023, a watan Nuwamba kuma aka cire wa'adin gaba ɗaya. Takardun da aka ce sun mutu su ne suka dawo suka tayar da kasuwa.

Mutanenmu sun daɗe da tsara wa kuɗi hanyar zagaye tun kafin banki. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, wurin nan da ya taso daga tsibiran Maldibs a tekun Indiya ya ratso duniya har ya zama abin ciniki a kasuwar Kurmi ta Kano. Dubi adashi: mata goma, kowacce ta zuba dubu biyar a mako, uwar adashi ta tattara, wadda layi ya zo kanta ta kwashi dubu hamsin ta sayi keken ɗinki ko ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Ba a ƙirƙiri ko kwabo ba, kuɗin da ke warwatse ne aka sa su bi layi. Kuma duk tsarin yana tsaye ne a kan dawowa. Ranar da wadda ta riga ta kwasa ta daina zubi, adashin ya mutu, sau da yawa har da zumuncin. Gudummawar biki ma haka ce, abin da kika kai wa ƙawarki ranar sunan ɗanta yana rubuce a ranta, zai dawo miki ranar naki, galibi da ƙari.

Addini ma ya yi magana a kan wannan kai tsaye. A Suratul Hashri, aya ta 7, bayan an lissafa waɗanda za a raba wa dukiyar fai'i, wato wadda aka samu daga abokan gaba ba tare da yaƙi ba, sai aka faɗi dalili: don kada dukiya ta zama tana kewayawa a tsakanin mawadata kawai. Ayar ta ƙara mana wata tambaya da lissafin banki ba ya yi, wato faɗin da'irar. Kuɗi suna iya gudu da sauri a tsakanin mutum ashirin, daga kwangila zuwa fili, daga fili zuwa dala, ba su taɓa biyowa ta layin mai ƙosai ba. Zakka tana cire ɗaya cikin arba'in daga dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, ta miƙa wa wanda ke wajen da'irar. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito Sayyidina Umar yana umartar a juya dukiyar marayu a kasuwanci don kada zakka ta cinye ta.

Akwai zagayen da ba na son in wuce ban ambata ba, ko da a gurguje. Ɗan ci-rani yana barin gida bayan an kai amfanin gona rumbu, ya dawo da saukar ruwan fari. Makiyayi yana bin burtali ya yi kudu da rani, ya komo arewa da damina. Ruwan kansa haka yake yi: rana ta ɗebe shi daga teku, iskar damina ta turo hadarin daga kudu maso yamma, ya zubo, ya bi rafi da kogi ko ya nutse ƙasa, ya sake tashi. Su duka suna da gida da lokacin komowa.

Labari ne ya fita daban, kuma a kansa ne nake ganin harshenmu na yau yake yaudarar mu. Mukan ce wani saƙo yana zagayawa a WhatsApp, amma ba zagayawa yake yi ba. Idan na ba ka naira dubu, na rabu da ita. Idan na ba ka labari, kana da shi ina da shi, ka ba mutum goma, kowannensu ya ba goma. Wannan yaɗuwa ce. Babu zuciyar da yake komawa a tace shi, babu huhun da zai wanke shi. Magabata sun faɗa, magana zarar bunu ce. A da ma labari yana tafiya hannu da hannu. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, kwafi ɗaya yakan ratsa unguwa, mai karatu ɗaya ya karanta wa majalisa guda. Amma kowa ya san daga inda takardar ta fito, akwai edita mai suna, akwai inda za a aika wasiƙa a ce ba haka ba ne.

A watan Agustan 2014, ana tsakiyar fargabar Ebola, saƙo ya bazu cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Waya ta riƙa ƙara kafin asuba, ɗan uwa yana tashin ɗan uwa, kuma kowa da kyakkyawar niyya. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu aka kwantar da su a asibiti, masu hawan jini suka fi shan wuya. Hukumomin lafiya sun ƙaryata da rana, amma gyaran bai bi hanyar da saƙon ya bi ba, don wanda ya tashe ka da dare bai sake kiran ka ya ce ya yi kuskure ba. Irin wannan bazuwar ƙarya ce ta sa a 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda. Hadisin da Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa ya riga ya gano inda matsalar take, cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Mafi tsadar misali a wurinmu shi ne na rigakafin shan inna. A 2003 magana ta bazu cewa an sa wa maganin abin hana haihuwa, wasu jihohin Arewa suka dakatar da shi, Kano ta fi kowa daɗewa. Tsoron ba daga sama ya faɗo ba. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, kuma duk mai son fahimtar abin da ya faru dole ya ajiye wannan a gabansa. Amma ƙwayar cutar ba ta jira a gama muhawara ba. Ita ma yaɗuwa take yi, daga bayan gidan yaro ɗaya zuwa ruwa da hannun yara da yawa. Kafin Kano ta koma yin rigakafin a watan Yulin 2004, cutar ta tsallaka ƙasashen maƙwabta da suka riga suka rabu da ita, a 2005 aka same ta har Yaman da Indonesiya. Sai a 2016 aka ga na ƙarshen masu ɗauke da asalin ƙwayar a Najeriya, a jihar Borno, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Yaran da ta kama a waɗancan shekaru yanzu sun haura shekara ashirin. Akwai ɗaya a unguwarmu da ke gyaran waya a bakin titi, kullum da safe ƙaninsa ne ke turo shi a keke ya ajiye masa akwatin kayan aiki a kan cinya, da magariba ya dawo ya ɗauke shi.